Yadda Ake Nazarin Karin Harshen Wani Gari Bisa Tsarin Kimiyyar Harshe

Kimiyyar harshe fanni ne da ke nazarin yadda mutane suke magana a zahiri. Ana tattara abin da suka furta, a tsara shi, a fitar da ƙa'ida daga cikinsa, sannan a sake gwada ƙa'idar da sababbin bayanai don a ga ko za ta tsaya da ƙafarta. Wannan gwajin ne ya sa fannin ya cancanci sunan kimiyya, kuma shi ne ya raba aikin manazarcin harshe da na malamin da ke gyara wa ɗalibai rubutu a aji. Idan Bakano ya ce "sauka", Basakkwace ya ce "sabka", manazarci yana ɗaukar duka biyun a matsayin hujja, ya nemi sanin inda bambancin yake aukuwa da dalilinsa. Bayanin da ke tafe ya fi shafar ɗalibin da zai rubuta kundi a kan karin harshen garinsu, amma matakan za su yi aiki ga wanda zai nazarci ɗaya daga cikin ƙananan harsunan Bauchi, Gombe, Filato ko Yobe, waɗanda yaran masu su da yawa suke tashi da Hausa a bakinsu.

Matakin farko shi ne ƙayyade tambaya. Take irin "Nazarin Katsinanci" ya yi faɗin da mutum ɗaya ba zai iya kewaye shi ba, kuma wanda ya fita da shi yakan dawo da tarin kalmomin da bai san abin da zai yi da su ba. Tambayar da za ta yi amfani ita ce wadda za a iya amsawa da abin da aka naɗa, misali a nemi sanin a waɗanne kalmomi mutanen gari suke furta "hw" a inda daidaitacciyar Hausa take da "f", kamar "hwara" da "fara", da kuma ko matasa suna yin haka kamar yadda dattawa suke yi. A nan ne mai bincike zai yanke shawarar ɓangaren da zai tsaya a kai: furuci, ko tsarin sauti, ko ginin kalma, ko ginin jimla, ko ma'ana, ko walwalar harshe a cikin al'umma. Zai kuma raba abubuwa biyu da masanin harshe Ferdinand de Saussure ya bambanta a darussansa da aka buga a 1916 bayan rasuwarsa, wato bayyana harshe yadda yake a lokaci guda, da bin diddigin sauye-sauyensa a tarihi. Ana fara na farko kafin na biyu, domin ba a iya faɗin yadda abu ya sauya alhali ba a tabbatar da yadda yake ba.

Kafin a fita, wajibi ne a karanta abin da aka riga aka rubuta. Ƙamusun Bargery na 1934 yana nuna yankin da ake amfani da kalmomi da yawa, saboda haka yana da amfani ƙwarai ga mai nazarin karin harshe. Akwai manyan littattafan nahawun Hausa na Paul Newman da ya fito a 2000 da na Philip Jaggar da ya fito a 2001, ga kuma kundayen digiri da ke ajiye a Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai.

Mataki na biyu shi ne neman izini da zaɓen waɗanda za a yi aiki da su. Ana shiga gari ta hannun dagaci ko mai unguwa, a bayyana masa manufar aikin a fili, domin baƙo mai yawo da na'urar naɗar murya yana jawo zato iri-iri. Kowane mutum da za a naɗi muryarsa sai an faɗa masa abin da za a yi da ita, ya amince, kuma yana da damar ya ce a daina ko a goge. Wajen zaɓe, a nemi wanda aka haifa a garin, ya girma a can, iyayensa ma 'yan garin ne, bai kuma daɗe a birni ba. A duba lafiyar haƙoransa da jinsa, domin giɓi yana sauya furucin "s" da "ts" da "sh". Kada a tsaya ga dattawa maza kawai, kamar yadda ɗalibai da yawa suke yi saboda su ne ake samu a ƙofar gida. Kalmomin girki, da na goyo, da na jego, da na saƙa da kaɗi suna bakin mata, kuma idan mai bincike namiji ne, to ya nemi mace ta taimaka masa da shiga gidaje, ya koya mata aikin sosai kafin ta fara. A haɗa tsofaffi da matasa, da wanda ya yi boko da wanda bai yi ba, a rubuta shekarun kowa, da sana'arsa, da wuraren da ya zauna, da sauran harsunan da yake ji.

Game da kayan aiki, waya mai kyau tana iya wadatarwa idan babu na'ura ta musamman, muddin an naɗa a tsarin WAV, wanda ba ya matse sauti. Saƙon murya na WhatsApp ba ya dacewa da nazarin furuci saboda yana zubar da wani ɓangare na sautin. A ajiye makirufo kimanin taƙi ɗaya daga bakin mai magana, a zauna nesa da janareta da injin markaɗe, a guji ɗaki mai rufin kwano lokacin ruwan sama. A farkon kowane naɗi a faɗi kwanan wata da sunan gari da lambar da aka ba mai magana. Littafi da biro kuma ba a barin su, domin abin da ido ya gani, kamar kewayar leɓɓa wajen furta wani sauti, na'ura ba ta kama shi.

Mataki na uku shi ne tattara kalmomi da jerin da aka shirya tun daga gida. Wannan hanya tsohuwa ce. Da ita Sigismund Koelle ya tattara kalmomin harsunan Afirka fiye da 100 daga bakin 'yantattun bayi a Freetown, ya buga su a 1854. Jerin da aka fi sani a yau shi ne na masanin harshe Morris Swadesh, wanda ya tsara a shekarun 1950, mai kalmomi 100 da kuma mai kimanin 200, waɗanda suka ƙunshi sassan jiki, da ƙananan lambobi, da ruwa, da wuta, da rana, da ayyuka irin su ci da sha da mutuwa, bisa hujjar cewa irin waɗannan ba a cika aro su daga wani harshe ba. Jerin yana da amfani wajen kwatanta harsuna, amma bai isa ga mai nazarin karin harshen Hausa ba, kuma dogon jerin yana ɗauke da abubuwa irin dusar ƙanƙara da ba su da muhalli a nan. Sai a ƙara masa kalmomin rayuwar wurin: gero, dawa, rumbu, hauya, garma, turmi, taɓarya, faifai, ƙwarya, sunayen dangi, sassan gida, da cututtukan dabbobi. Sannan a cusa kalmomin da ke ɗauke da sautin da ake bincike a kai, a warwatsa su cikin jerin don kada mai amsa ya gane abin da ake farauta.

Babbar ƙa'idar wannan mataki ita ce kada mai tambaya ya furta kalmar da yake nema. A ce ana zaune da wata tsohuwa a tsakar gida, ana son jin sunan auduga a bakinta. Idan aka ce, "Inna, kuna cewa auduga a nan?" to kara za ta sa ta amsa, "E, ɗana, haka muke cewa," alhali ba ta taɓa faɗin haka ga jikokinta ba. Abin da ya dace shi ne a nuna mata abin a hannu, ko a kewaya a ce, "Inna, wannan farin abu da ake tsinkowa a gona, a gurza shi a yi zare da shi, yaya kuke kiransa?" A nan ne za a ji ko "abduga" take cewa, ko ma "kaɗa", wadda kalma ce dabam gaba ɗaya. Idan ta faɗa, a roƙe ta ta maimaita sau uku a hankali, sannan ta saka kalmar cikin jimla, a kuma tambayi jam'inta. Zama ɗaya kada ya wuce abin da tsoho zai iya ɗauka, domin gajiya tana sa mutum ya riƙa amsa "e" ga komai don a sallame shi.

Mataki na huɗu shi ne naɗar magana sakakkiya, wato hira, da tatsuniya, da labarin yadda ake wata sana'a, da cinikin kasuwa idan masu yi sun yarda. Dalilin haka shi ne matsalar da masanin harshe William Labov ya bayyana: manazarci yana son jin yadda mutane suke magana lokacin da ba a sa musu ido ba, amma ba shi da hanyar ji sai ya sa musu ido. Mutumin ƙauye da ya ga ɗan jami'a da na'ura yakan karkata zuwa Hausar rediyo ba tare da ya sani ba. Labov ya kauce wa wannan a binciken da ya yi a manyan kantuna uku na birnin New York a 1962, inda ya riƙa tambayar ma'aikata wurin da ake sayar da kayan da ya san suna hawa na huɗu, don amsarsu ta ƙunshi sautin "r" da yake nazari, ya kuma gano cewa furta sautin yana ƙaruwa gwargwadon darajar kantin. A wurinmu, hanya mafi sauƙi ita ce a haɗa mutum biyu ko uku 'yan gari ɗaya, a jefa musu zancen da zai ɗauke musu hankali, kamar shekarar da aka yi fari, ko yadda ake biki a da, mai bincike ya ja bakinsa ya yi shiru. Mintocin farko ba a cika dogara da su ba, sai hira ta yi zafi harshen gida yake fitowa.

Mataki na biyar, wato mayar da abin da aka naɗa zuwa rubutu, shi ne mafi cin lokaci, kuma a nan ne aikin Bahaushe mai nazarin Hausa ya fi shiga haɗari. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti, wato tashi da saukar murya a kan gaɓa, ba ya kuma bambanta ra-gare da ra-kaɗe, wato nau'o'in "r" biyu na Hausa, saboda haka wanda ya saba da shi hannunsa yakan rubuta abin da ya sani maimakon abin da ya ji. Dole ne a yi amfani da rubutun da ke nuna waɗannan abubuwa. Akwai haruffan furuci na duniya, waɗanda ƙungiyar masana furuci da aka kafa a Faris a 1886 ta fara fitarwa a 1888, akwai kuma hanyar da masana Hausa suka saba da ita: a ninka dogon wasali, a sa alama mai gangarowa a kan gaɓa mai karin ƙasa, a sa mai kama da hula a kan karin faɗau, a bar karin sama babu alama. Da wannan hanya "gàrii" na mazauni ya rabu da "gàarii" na tuwo, "wuyàa" na jiki ya rabu da "wùyaa" ta wahala, "kuukaa" na hawaye ya rabu da "kuukàa" ta miya, "kai" na wakilin suna ya rabu da "kâi" na jiki.

Jin karin sauti yana buƙatar horo ko ga wanda aka haifa cikin harshen. Dabara ta farko ita ce a yi fito da kalmar, ko a yi gunjinta da baki a rufe, don baƙaƙe su ɓace a bar tashi da saukar murya kawai. Ta biyu ita ce a saka kalmomin da ake kwatantawa cikin jimla iri ɗaya. A daidaitacciyar Hausa "ne" da "ce" suna taimakawa ƙwarai, domin kullum suna ɗaukar kishiyar karin gaɓar da ta gabace su: ana cewa "kuukaa nèe" amma "kuukàa cee", ana cewa "wuyàa nee" amma "wùyaa cèe". A lura cewa murya tana gangarowa a hankali daga farkon jimla zuwa ƙarshenta, har karin sama na ƙarshe ya zo ƙasa da na farko, kuma jimlar tambaya tana da nata tashin murya, don haka ba a yanke hukunci a kan karin kalma daga wuri ɗaya. Inda kunne ya yi shakka, manhajar Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙira a Amsterdam, tana nuna tsawon wasali da tashin murya a kan allo. Manhajar ELAN tana haɗa rubutu da daidai wurinsa a cikin naɗi, FLEx kuma tana taimakawa wajen tara kalmomi su zama ƙamus. Dukkansu kyauta ne, amma babu wadda take yanke hukunci a madadin mai nazari.

Mataki na shida shi ne fitar da ƙa'idoji, kuma ana farawa da gano ƙwayoyin sauti, wato sautukan da ke bambanta ma'ana, ta hanyar zubin kamantau, wato kalmomi biyu da suka yi daidai a komai sai a sauti ɗaya, ma'anarsu kuma ta bambanta. "Kafa" da "ƙafa" sun tabbatar da cewa "k" da "ƙ" ƙwayoyin sauti ne mabambanta. "Bara" na yaron gida da "bara" ta almajiri sun tabbatar da haka ga ra-kaɗe da ra-gare, ko da yake harafi ɗaya ake rubuta su da shi. Idan kuwa sautuka biyu ba su taɓa bambanta ma'ana ba, kowanne yana da muhallin da yake fitowa, to fuskoki ne na ƙwayar sauti ɗaya. Misali, "n" ta "gidan Bala" ana furta ta kamar "m", ta "gidan Kande" kuma daga can bayan baki take fitowa, saboda nason baƙin da ke biye da ita.

Ga yadda ake gwada ƙa'ida daki-daki. A jera tilo da jam'i: mota da motoci, ƙasa da ƙasashe, gida da gidaje, kaza da kaji, ɓarawo da ɓarayi. Duk wanda ya duba zai ga cewa "t" ta koma "c", "s" ta koma "sh", "d" da "z" sun koma "j", "w" ta koma "y", kuma duk a gaban wasalin "i" ko "e". Wannan shi ne ganɗantawa. Sai a rubuta hasashe: waɗannan baƙaƙe suna sauyawa a duk inda "i" ko "e" ya biyo su. Aikin da ya rage shi ne a fita neman abin da zai karya hasashen, kuma ba za a daɗe ba za a ci karo da titi, tebur, tilas, siminti da siyasa, inda babu abin da ya sauya. Ba a ɓoye waɗannan kalmomi don kundi ya yi kyau. Ana tambayar abin da ya haɗa su, sai a ga yawancinsu na aro ne daga Turanci ko Larabci. Kalmar "asibiti" ta ƙara haskaka lamarin, domin "ti" ɗinta na tilo bai sauya ba, amma jam'inta "asibitoci" ne, abin da ke nuna cewa ƙa'idar tana da ƙarfi a inda aka liƙa ɗafi, wato ƙari irin na jam'i, a jikin saiwa, wato tushen kalma, ko da kalmar baƙuwa ce. Sannan a gwada "ɗ": ana cewa gudu da guje, amma kaɗa da kaɗe, faɗa da faɗi, don haka "ɗ" ba ta cikin rukunin. Hasashen da aka fara da shi ya ragu, amma wanda ya rage ya fi shi gaskiya. Haka ake yi wa kowace ƙa'ida ta ginin kalma ko ginin jimla, har da tsarin ajujuwan aikatau bakwai da masanin Hausa F. W. Parsons ya gabatar a 1960, wanda ke bayyana dangantakar saya, saye, sayar, sayo da sayu.

Mataki na bakwai shi ne kwatanta abin da aka samu da sauran kare-karen harshen. A jera su gefe da gefe: sabka da sauka, zamna da zauna, amre da aure, abduga da auduga. Bambancin yana bin tsari, domin inda karin yamma yake da baƙin leɓe a ƙarshen gaɓa, Kananci yana da "u". Don sanin wanda ya riga wani, a nemi shaida a cikin harshen kansa. Bakanon da ke cewa "aure" yana cewa "amarya", wadda ta riƙe "m" ɗin asali. Haka kuma "talauci" yana tare da "talaka", "ɓauna" tana da tsohon jam'i "ɓakane", inda "k" ta bayyana a wurin da ba ta rufe gaɓa ba. Wannan sauyi shi ne masana suke kira dokar Klingenheben, da sunan Bajamushen da ya bayyana shi a ƙarshen shekarun 1920, kuma yana nuna cewa a wannan fuska Sakkwatanci ya riƙe tsohuwar siffa. Ya kamata duk mai ɗaukar karin yamma a matsayin karkatacciyar Hausa ya san wannan. Da irin wannan kwatanci ne, a faɗi mafi girma, aka tabbatar da dangantakar Hausa da Gwandara, Bolanci, Ngizim, Bade da sauran harsunan dangin Cadi, waɗanda masanin harshe Joseph Greenberg ya sanya cikin babban gidan Afro-Asiya a rabe-rabensa na 1963.

Idan tambayar ta shafi su wane ne suke amfani da wata siffa, sai an yi ƙidaya. A ɗauki kowane mai magana, a ƙirga wuraren da ya ce "na" da "ta" irin na yamma a madadin "ne" da "ce", a kuma ƙirga wuraren da ya ce "ne" da "ce", domin ƙirga ɓangare ɗaya kaɗai ba ya nuna komai. Sannan a raba sakamakon bisa shekaru, da jinsi, da karatu, da kuma ko a jerin kalmomi aka faɗa ko a cikin hira. Idan mutanen da aka naɗa kaɗan ne, a faɗi adadinsu, kada a yi magana da sunan gari gaba ɗaya.

Mataki na ƙarshe shi ne tabbatarwa da rubuta rahoto da adanawa. A koma garin da misalan da aka rubuta, a karanta wa wasu mutane dabam da waɗanda aka naɗa, a ji ko za su karɓe su a matsayin maganar garinsu. A cikin rahoto, kowane misali ya zo da alamun karin sauti da tsawon wasali, da lambar mai magana, da wurin da yake a cikin naɗi, yadda wani zai iya saurara ya yarda ko ya musa. Idan harshen ba Hausa ba ne, a rubuta misali a layi uku: jimlar kanta an rarraba ta ƙwayar ma'ana bayan ƙwayar ma'ana, wato ƙananan sassan kalma masu ma'ana, sai ma'anar kowace ƙwaya a ƙarƙashinta, sai fassarar jimlar gaba ɗaya. Kalmomin da suka ƙi bin ƙa'ida a ware musu sashe a jera su duka. Sunayen masu magana a sakaya su sai wanda ya nemi a ambace shi. Naɗin kuma a ajiye shi a wurare aƙalla biyu da ba sa tare, a miƙa kwafi ga ɗakin karatu na sashen da aka yi aikin a ƙarƙashinsa tare da takardar bayanin kowane fayil, a kuma kai wani kwafin ga mutanen garin a kan katin waya da za su iya saurara.